Ɗan Itacen da Ka Bari a Saman Soro

Salihu, ƙanena,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce irin wadda ba a amsawa, na sani. Wannan takarda ba za ta same ka ba, ba za ka buɗe ta ba, ba za ka yi wa rubutuna dariya yadda ka saba ba. Amma magana ta yi mini yawa a ciki, kuma duk wanda zan gaya wa a gidan nan yana fama da nasa ciwon. Kai kaɗai ne ba zan ƙara wa nauyi ba. Ka yi haƙuri da Yayanka, ka bar ni in yi magana.

Zan fara da abin da na san shi za ka fara tambaya. Itacenka yana da rai. Ba yadda ka bar shi yake ba, kuma ni na mai da shi yadda yake. Zan gaya maka duka, amma bari in ba ka labarin gida tukuna.

Inna tana nan. Ƙafarta ta dama ta matsa mata, yanzu ba ta iya zuwa Harami a ƙasa sai an kai ta a mota. Matarka Hadiza ta sauka lafiya bayan tafiyarka, mace ta haifa, aka sa mata Safiya. Goshinka ta ɗauko, da taurin kanka. Ta fara tafiya tana dafa bango. Warsharka, shagon waldarka na unguwar Sultana, a rufe take. Na je zan buɗe ta wata rana, na ga inda aka zuba yashi a bakin ƙofa don a rufe jini, na juyo ban taɓa kwaɗon ba.

Ka tuna ranar da ka zo da itacen daga Yanbu? Ka ɗora shi a kujerar gaba ta wanit, motar nan a-kori-kura, ka kewaye shi da tsumma kamar mai ɗauke da jariri. Na tambaye ka wane irin ganyen miya ne wannan. Ka ce sanaubar ne, itacen duwatsun Sham mai ganye kamar allura, wanda in an bar shi yakan fi gida tsawo. Ka ce tsohon nan ɗan Japan da kake yi wa walda a wurin aikinsu shi ya rene shi a cikin ɗan kasko mara zurfi, yana datse shi yana lanƙwasa shi da waya, har ya zama tsohon itace da bai wuce kamu ɗaya ba. Ka ce a ƙasarsu bonsai suke ce wa irin wannan aiki. Zai koma gida, ba za a bar shi ya shiga jirgi da ƙasa da saiwa ba, shi ne ya ba ka, ya nuna maka abin da ya iya nunawa da hannu, tunda ba ka jin yarensa shi ma ba ya jin naka. Na ce maka itacen da ba ya 'ya'ya, ba ya inuwa, ko akuya ba za ta ci ba, me za a yi da shi? Ka yi dariya ka ce kai ma ba ka sani ba, koyo kake yi.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Sau da yawa in na dawo daga mayanka da safe, nakan hau matakala in tsaya in leƙa ka. Kana tsugune gaban kaskon, kana juya shi kaɗan kaɗan, kana kallo, almakashi a hannunka amma ba ka yanke komai ba. Ni da nake raba sa gida huɗu kafin shayi ya huce, ban gane abin da kake jira ba. A baki ina yi maka ba'a, a zuciya ina jin daɗin cewa ƙanena ne wannan. Me ya hana ni faɗa? Me zai rage ni da shi?

Ban sani ba ko ka san yadda abin ya faru, tunda ta baya aka zo maka. Zan gaya maka, don haƙƙinka ne ka sani.

Gab da azahar wani maƙwabcin warsharka ya faɗo shagona a Aziziyya, ya ce an bugi Salihu. Ban tsaya cire rigar aiki ba. Da na isa Sultana mutane suka dinga darewa, sun ɗauka ni aka sara saboda jinin raguna da ke jikina. Na same ka kwance a bakin ƙofa, ƙafarka ɗaya tana shure ƙasa. Ni mahauci ne, Salihu. Na san wannan shurin. Na san jinin da ke tsayawa da wanda ba ya tsayawa. Na sa hannu ƙarƙashin kanka zan ɗago ka, yatsuna suka nutse a inda ya kamata su tarar da ƙashi. Idonka a buɗe yake amma ba ni kake kallo ba. Na yi ta maimaita maka kalmar shahada a kunne, muka sa ka a bayan wanit, kanka a cinyata. Ba mu kai asibiti ba ka daina shurin. Shin ka ji ni? Leɓenka ya motsa, ko girgizar mota ce? Wannan tambayar ba ta bar ni ba har yau.

Waɗanda suka gani sun ce tankin fetur aka kawo gyara. Yaron aikinka Bukar ya kunna wutar walda zai hau kansa ba a wanke shi ba, ka fizge wutar daga hannunsa, ka ce masa a gaban mutane ya tafi gida ya kwanta ƙwayoyin da ya sha su sake shi kafin ya ƙone layin gaba ɗaya. Ka juya masa baya. Ya ɗauki bututun ƙarfe ya buga maka a ƙeya. Ka faɗi, ya ƙara. Bukar fa, ɗan Iya Falmata maƙwabciyarmu, wadda tun a hanyar Sudan suke tare da Inna, lokacin da iyayenmu suka taho hajji a ƙasa. Bukar da kuka ci tuwo a kwano ɗaya, wanda ka koya wa riƙon walda da hannunka lokacin da kowa ya gaji da shi.

Ni na yi maka wanka. Ruwan yana zuba ja, muna ƙarawa, yana zuba ja. Na naɗe maka kai da farin ƙyalle kafin likkafani, duk da haka kafin mu kai maƙabartar Baƙi'a jini ya ɓullo.

Da aka tashi daga zaman makoki na ɗauki gatarin fasa ƙashi na nufi gidan Iya Falmata. Na san Bukar ba ya nan, tun ranar yana hannun shurɗa, wato 'yan sanda. Ban san abin da na je nema ba. Na sare ƙofar, na sare randar ruwa, na sare akwatin rediyo, duk abin da na samu a tsaye na kwantar da shi. Modu, ƙanen Bukar, ya shiga tsakanina da uwarsa ya ɗaga hannu. Allah ya sa na juya gatarin, ƙotar ce ta same shi. Na ji ƙarar ƙashin dantsensa. Iya Falmata ba ta yi ihu ba. Zama ta yi a ƙasa cikin ruwan randar da ya malale, ta sunkuyar da kai ta miƙo mini wuya. A haka maza suka shigo suka danne ni. Na kwana a tsare har sai da Modu ya je da hannu a rataye ya ce ya yafe. Ban yi masa godiya ba. Ko kallonsa ban yi ba.

Da na fito na hau saman soro don in guje wa masu gaisuwa, sai na ga itacen. Rabinsa ya yi ja kamar an babbake. Hadiza tana takaba, ga ciki, abin da ta sani kawai shi ne shuka ruwa take so, sai take kwarara masa safe da yamma har ruwa ya kwanta a kaskon. Ta aiko Inna ta gaya mini in ɗauke shi daga idonta, ba ta iya ganinsa yana mutuwa shi ma. Na karɓa, amma kada ka ɗauka don ƙauna ne. Babu mai karɓa ne kawai.

Ka yafe mini abin da na fara yi masa. Barhona na ɗauko, wanda nake fiɗa da shi. Na ce duk abin da ya mutu a cire. Na sare jajayen rassa, hannuna bai tsaya ba na haɗa da masu ɗanyen ganye. Ƙaro ya dinga tsattsafowa daga kowane yanka, mai danƙo, ya liƙe mini a yatsu. Ƙamshinsa ne ya tsayar da ni, don shi ne ƙamshin da hannunka yake yi in mun zauna cin abinci. Bayan nan na tuna na ga kana naɗa wa rassa waya. Na samo baƙar wayar da magina ke ɗaure rodi da ita, na naɗe wani reshe tamau, na kama shi da babban yatsa na danna ƙasa yadda na ga kana yi. Ya yi ƙas. Ƙarar ba ta da girma, amma irinta ce na ji a gidan Iya Falmata.

Da na ga zai mutu a hannuna na ɗauke shi na kai wa wani mutumin Sham mai sayar da shuke-shuke a hanyar Uhudu. Ya juya kaskon, ya ga inda waya ta ci ɓawo ta nutse, ya ga saran barho, ya tambaye ni wane jazzar ne ya yi wannan aika-aika, wato wane mahauci. Na ce masa ni ne, kuma sana'ata ke nan. Bai yi dariya ba. Ya tsoma yatsa a ƙasar ya shinshina ya ce saiwar tana ruɓewa. Ya ce shi bai san aikin mutanen Japan ba, kuma a ganinsa zalunci ne a tsare itace a kasko, amma sanaubar ya sani, a cikinsa ya girma. Ya ce ba ya son ƙafarsa ta kwana a ruwa, ba ya son laka, ba ya son ruwa mai gishiri. Ya ce in ka yanke reshe ba ka bar masa ko ɗan kore a baki ba, to ka kashe shi, don sanaubar ba ya tofowa daga busasshen wuri kamar dabino ko magarya. Ya ce kada in taɓa saiwar sai sanyi ya shigo.

Na jira sanyi. Na je harra, wurin baƙaƙen duwatsun nan na bayan gari, na kwaso tsakuwa mai ramuka, na daka ta da guduma, na tankaɗe na zubar da garin. Na zare itacen daga kaskon, wari ya buge ni kamar na tumbin da ya kwana. Saiwoyin ƙasa sun yi baƙi sun narke. Wannan karon almakashinka na ɗauko. Na yi ta yanka har na kai inda suke fari, na dasa shi a cikin tsakuwar, na ɗaure gindin da igiya ta ramin kaskon kada iska ta girgiza shi. Waya kuwa, sai na tuna na taɓa ganin kana ƙona wayar tsohon inji a gawayi har ta yi ja. Na gwada. Ashe jan ƙarfe in ya sha wuta laushi yake yi kamar igiya, sai an naɗa shi sannan ya taurare. Ashe ba dannawa ake yi ba, lallaɓawa ake yi, yau kaɗan, wani makon kaɗan. Me ya sa ban tambaye ka ba lokacin da kake nan? Da ka nuna mini kafin shayi ya tafasa.

Kada ka ɗauka itacen ya sanyaya mini zuciya. Da safe ina saman soro ina taɓa ƙasa in ji ko ta bushe, da rana ina mahkama, wato kotu, ina neman kan Bukar. Alƙali ya yanke ƙisasi. Da yake mace Hadiza ta haifa, ni ma ina cikin magadan jininka, ni da Inna da Hadiza da jaririyar. Aka ce ba za a zartar ba sai Safiya ta girma an ji ta bakinta. Na ce na ji, zan jira. Na ce ko gemuna zai yi fari tas zan jira, ni zan rene ta, ni zan gaya mata yadda yatsuna suka nutse a kan ubanta.

Wata Juma'a aka ce za a zartar da hukunci a kan wani mutum bayan an sauko. Ban san shi ba, ban san abin da ya yi ba. Na kutsa har sahun gaba. Aka fito da shi ido a ɗaure, aka durƙusar da shi. Takobin ya sauka, gangar jikin ta kife, jini ya yi tsartuwa ya jiƙa ƙasa. Wani a gefena ya yi amai, wani ya faɗi. Ni kuwa, Salihu, sanyi na ji a ƙirjina, irin na mai ƙishi da ya sami ruwa. Na ɗora fuskar Bukar a kan wannan kan da ke ƙasa, na tsaya ina kallo har aka wanke wurin. Na koma gida na ci abinci da yawa. Ban gaya wa kowa ba, kai ne na farko.

A mayanka ma hannuna ya canja. Kai ka san Baba ya koya mana a ɓoye wa dabba wuƙa, a ba ta ruwa, a yi mata yanka ɗaya. Wata safiya wani rago ya shure ni, na danne shi da gwiwa har haƙarƙarinsa ya karye, na ja wuƙa da ƙarfin da ya raba kan da jiki gaba ɗaya. Abokin aikina ya riƙe mini hannu ya zare wuƙar, ya ce in je gida. Wanene wannan mutumin da ke yawo da sunana? Da ka gan shi, za ka gane Yayanka ne?

Ana cikin tsakiyar zafi wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallaci yana sa wa Inna albarka, ya ce abin da ta yi sai masu babbar zuciya. Na tambaye shi me ta yi. Ashe ta sa an kai ta mahkama ba da sanina ba, ta ce ta yafe jinin ɗanta don Allah, ba ta son komai a madadinsa. Ka san hukuncin: magaji ɗaya in ya yafe, takobi ya koma kube. Duk jirana, duk rantsuwata, tsohuwa ta shafe su da dangwalen yatsa.

Na same ta a saman soro bayan la'asar, zaune a inuwar bango kusa da itacen, tana tsince shinkafa. Tunda ta haife ni ban taɓa ɗaga mata murya ba, ranar na ɗaga. Na ce ta zubar da jininka a karo na biyu. Na ce ta fifita ƙawarta a kan ɗanta. Na faɗi abin da ba zan iya rubutawa ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Hannuna yana neman abin da zai kama, kuma Allah ya tsare ni ban kai shi gare ta ba. Kaskon na sunkuta, na ɗaga shi sama da kaina, na maka shi da bango dab da kafaɗarta. Ya tarwatse. Wani ɓari ya yi tsalle ya tsaga mata goshi. Itacen ya faɗi a kan siminti mai zafi, saiwa a waje, babban reshensa ya yage daga jiki ya tafi da ɓawo har kusa da gindi.

Jini yana bin gefen hancinta yana ɗiga a cikin shinkafa, ba ta goge ba. Ta ajiye faifan, ta cire mayafinta, ta tsoma a tulu, ta ja jiki a ƙasa saboda ƙafar nan, ta naɗe saiwar da shi. Sai da ta gama ta ɗago ta dube ni. Ta ce ita ta haife ka, ba ni na haife ka ba. Ta ce ba za ta bari a reni jikarta don ranar da za ta nemi kan mutum ba. Ta ce tana kallona tun ranar da aka kai ka Baƙi'a, kuma in ta bar ni in ci gaba da jiran takobin nan, to 'ya'ya biyu Bukar ya kashe mata. Daga nan ta miƙo mini itacen a cikin jiƙaƙƙen mayafin ta ce in nemi abin sa shi kafin ya sha iska.

Ban da kasko. Tsohon kaskon suyar Inna na ɗauko, na huda masa ramuka da ƙusa, na tattara tsakuwar da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da kai, ina nufin da shi. Ka ga, har a rubutu nakan ruɗe. Na haɗa inda jikin ya tsage na ɗaure da zaren kaba. Mutumin Sham ya ce mini ba a taɓa saiwa sai da sanyi, ga shi na tone ta a watan da kwalta ke narkewa. Na kafa masa rumfar tabarma ta gefen yamma. In samumu ta taso, iskar nan da ke ƙona fuska, nakan rufe shago in dawo in yayyafa ruwa a tabarmar da siminti, ba a kan saiwar ba. Alluran suka yi ta zuba. Kullum da safe ina share su ina cewa yau zai ƙare.

Gefe ɗaya ya mutu. Yagaggen reshen ya bushe ƙayau. Ka taɓa gaya mini tsohon ɗan Japan ya nuna maka cewa ba kullum suke cire mataccen reshe ba, wani lokaci fere shi suke yi su bar shi fari a jikin itacen. Ni fiɗa ce sana'ata. Na ɗauki ƙaramar wuƙa na zare ɓawon a hankali, ban taɓa mai rai ba. Yana nan yanzu fari fat, ya miƙe ta gefen hagu. Ba kyau ya yi ba. Duk wanda ya gani zai san an yi wa itacen nan ɓarna. Amma da sanyi ya wuce, ta gefen dama sai ga toho ya fito a bakin rassa, tsaye kamar ƙananan kyandir. Na tuna kana karya su da farce, ba ka sa ƙarfe. Na karya rabin kowane dogo na bar gajerun. Ban sani ba ko daidai na yi. Har yanzu ban iya ba, Salihu, ina dai rage ɓarna ne.

Tabon yana nan a goshin Inna. Ta ce wa mata faɗuwa ta yi a matakala. Duk lokacin da na durƙusa gaishe ta shi nake fara gani. Hannun Modu ya warke a karkace, ba ya iya ɗaukar kaya mai nauyi, yanzu carbi da turare yake sayarwa a wata rumfa a gindin Uhudu. Na wuce ta gabansa ba sau ɗaya ba da niyyar in tsaya, ƙafata ta ƙi. Iya Falmata takan shigo wurin Inna da hantsi, su zauna su biyu a kan tabarma. In na ji muryar sallamarta nakan hau sama.

Na je Baƙi'a in gaya maka duk wannan da baki. Na bi hanyar da nake tsammani mun bi da kai, na tsaya inda nake zaton nan ne, sai na ga duwatsun duk iri ɗaya ne, kuma an ƙara sababbin layuka. Ni da na sa ka a rami da hannuna, na kasa nuna inda kake. Na yi sallama ga kowa da kowa, na ce in kana ciki ka karɓi taka.

Bukar zai gama zaman da hukuma ta yanke masa ya fito. Zai dawo unguwar nan, zai bi layin nan, wata rana zan ɗago kai daga kan kututturen sara in gan shi yana wucewa, ni kuwa da wuƙa a hannu. Inna ta san haka. Makon jiya ta sa na kai ta Harami, ta kama rigata a bakin ƙofa ta ce ba za ta shiga ba sai na rantse mata da Allah cewa ko bayan ranta ba zan taɓa shi ba. Tana nan tsaye a kan ƙafar da ba ta ɗaukar ta, mutane suna ture mu. Na ga ba za ta zauna ba, kuma ta fara rawa. Na rantse.

Kada ka ɗauka na yafe. Ban yafe ba, ban san ko zan iya ba. Hannuna kawai na ɗaure, na ba tsohuwa bakin igiyar. In kai ka yafe masa a can inda kake, ka fi ni, dama ka saba fina. In ba ka yafe ba, to ka jira shi a gaban Wanda ba a ɓoye masa komai, ni an cire ni daga maganar.

Allah ya haskaka kabarinka duk inda yake a cikin layukan nan. Allah ya sa shurin da na gani shi ne ƙarshen wahalarka. Sai na iso.

Yayanka da ya rage,
Mamman